Yadda Jami'a Za Ta Baje Zane-zanenta a Harabobinta Ba Tare da Sun Salwanta Ba

Jami'ar da take koyar da zane da sassaƙa takan tara dukiya ko da ba ta yi niyya ba, domin kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna barin ayyukansu, malamai suna bayar da nasu, baƙi kuma suna kawo kyauta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta isa misali. An fara koyar da zane a Zariya tun kafin a kafa jami'ar a 1962, a zamanin kwalejin da ta gabace ta, kuma a can ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane a Najeriya. A lokacin aikin aji kawai suke yi, amma yau duk takardar da ɗayansu ya yi wa zane abin adanawa ce. Jami'ar tana da babbar haraba a Samaru, da ta Kongo inda ake karatun shari'a da harkokin mulki, da asibitin koyarwa a Shika, da Gidan Arewa a Kaduna. Wannan bayani na wanda aka ɗora wa alhakin fito da irin waɗannan ayyuka daga ma'aji ne, ya rarraba su a wurare masu nisa da juna kamar waɗannan, inda ba zai iya sa musu ido kullum ba.

Kada a buga ƙusa ko ɗaya a bango sai an gama rajista. A ganina wannan shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda aka fi yi wa gaggawa. Kowane zane, kowace tukunya, kowane sassaƙe a ba shi lambarsa wadda ba za a taɓa bai wa wani ba, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a fara da shekarar da ya shigo, sannan lambar rukunin da ya zo a ciki, sannan tasa, kamar 2024.3.1. A rubuta sunan wanda ya yi shi, da shekarar da aka yi shi, da abin da aka yi shi da shi, da tsawonsa da faɗinsa a santimita, da yadda ya zama mallakar jami'a, ko saye ne ko kyauta ko aro. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, saboda aikin da aka bayar aro magada za su iya zuwa nemansa bayan shekaru ashirin. A ɗauki hotonsa gaba da baya, domin a baya ne ake samun sa hannu da kwanan wata da tsofaffin rubuce-rubuce, kuma a rubuta duk wani tabo ko tsagewa da yake da shi a ranar. Lambar da za a sa a bayan takarda da fensir ake rubuta ta, a hankali, ba da biro ko maka ba, don tawada tana ratsowa. A ajiye rajistar a kwamfuta, a kuma buga ta a littafi guda biyu da za su zauna a gine-gine daban-daban.

Bayan rajista sai zaɓen wuri, kuma a nan ba girman ofis ake dubawa ba, lafiyar bango ake dubawa. Yanayin Zariya yana wahalar da kayan zane ƙwarai. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katako ya bushe ya tsage, takarda ta yi ƙarau, ƙura ta shige kowace kafa. A watan Agusta kuwa danshin yakan haura kashi 70, ƙyallen zane ya saki, fumfuna ta fito a bayan firam. Gidajen adana kayan tarihi suna ƙoƙarin riƙe danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60, abin da ba zai samu ba a barandar tsangaya, amma ana iya rage ɓarnar. A zaɓi bangon ciki, wanda ruwan sama ba ya dukan bayansa. A ɗaga kai a dubi silin, in akwai shatin ɗiga a bar wurin. A nisanci bangon banɗaki da na ɗakin girki, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke zubar da ruwa kuma ke sauya yanayin ɗakin duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita. A duba gindin bango ko akwai hanyar gara, domin gara tana iya cinye firam daga ciki a damina guda fuskarsa tana nan kamar ba abin da ya faru.

Haske shi ne ɓarawon da ba a jin motsinsa, kuma launin da rana ta kwashe ba ya dawowa. Zanen fentin mai yana jure haske matsakaici, wajen luks 200 a ma'aunin haske, amma zanen fentin ruwa da na gawayi da hotuna da tufafi ba a so su wuce luks 50, wato hasken ɗaki mai ɗan duhu. Saboda haka babbar riga mai aikin aska takwas, ko zanen rini, ko zayyana a kan takarda, ba za a rataye su suna fuskantar tagar yamma ba. Irin waɗannan a baje su wata uku zuwa shida, sannan a mayar da su ma'aji su huta a fito da wasu. Wannan juyi yana da wani amfanin kuma, domin ɗalibin da yake wuce zane ɗaya shekara huɗu yakan daina ganinsa tun a zangon farko.

Sai batun abin da ya dace da kowane wuri, wanda ke buƙatar hankali fiye da ma'auni. Ayyuka masu daraja da rauni su tafi inda ake kulle ƙofa kuma akwai ma'aikaci a zaune, kamar Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Tukunya irin ta Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane wadda wannan jami'a ta bai wa digirin girmamawa a 1977, akwatin gilashi mai makulli ya kamace ta, a zaunar da gindinta a kan gammo don kada ta mirgina. A asibiti a sa abin da zai kwantar da hankalin majinyaci da mai jinyarsa, a cikin gilashin da za a iya gogewa. Kusa da masallaci, ko a zauren da ake shimfiɗa tabarma a yi salla, bai kamata a kafa mutum-mutumi ko a rataye surar mutum ba, kuma wannan ba asara ba ce, domin akwai zanen dagi da adon bango irin na maginan Zazzau da rubutun hannu masu kyau da suka dace da wurin. Manyan sassaƙe-sassaƙen siminti da na ƙarfe suna da mazauninsu a fili, kamar lambun sassaƙa na sashen zane a Samaru. Ofisoshin manya su zo a ƙarshen layi, saboda aikin da mutum ɗaya da baƙinsa kaɗai suke gani bai yi wa jami'a amfanin da aka fito da shi dominsa ba.

Ranar ɗauka, mutum biyu ne ke riƙe babban zane, kowa a gefensa, hannu a wanke ko cikin safar hannu. A mota a jera firam a tsaye, fuska da fuska, baya da baya, da kwali a tsakani, kuma a nemi rufaffiyar mota, ba akori-kura ba, musamman in tafiyar ta Kaduna ce. Tukunya daga gindi ake ɗaukarta, ba daga baki ba. Wajen ratayewa a yi amfani da maƙalai biyu, a daidaita tsakiyar zanen da tsayin ido, wajen santimita 150 daga ƙasa, a sa ɗan katako ƙarami a baya don iska ta riƙa ratsawa. A wurin da jama'a ke zirga-zirga a ɗaure firam da kusoshi masu murɗi ta yadda ba za a zare shi da hannu ba. Kowane aiki a liƙa masa bayani a gefe, da sunan mai shi da shekara da lambar rajista, cikin Turanci da Hausa, domin masinja da mai shara da iyayen da suka zo bikin yaye ɗalibai su ma masu kallo ne.

Masu shara su ne suka fi kowa kusantar waɗannan kaya, don haka a zauna da su a nuna musu. Buroshi mai laushi ya isa kaɗe ƙura daga firam, jiƙaƙƙen tsumma kuma ba ya taɓa fuskar zane, ba a kuma fesa maganin sauro a kansa. Na taɓa ganin sassaƙen siminti a wata makaranta da aka shafe da fenti mai sheƙi saboda zuwan wani babban baƙo, duk sawun hannun wanda ya yi shi ya ɓace, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. In siminti ya tsage, sau da yawa rodin da ke ciki ne ya yi tsatsa ya kumbura, fenti ba ya maganinsa, sai a kira masana daga sashen zane. A kuma hana manna takardun neman zaɓen ɗalibai a jikin sassaƙe-sassaƙen.

Kowane aiki da ya bar ma'aji sai wani mutum mai suna ya sa hannu cewa ya karɓa, ba a rubuta sunan ofis kawai ba. A zagaya da rajista da hotuna sau biyu a shekara, a Afrilu kafin ruwa ya sauka da kuma a Nuwamba bayan ya ɗauke, a kwatanta abin da ke bango da abin da ke hoto. Lokacin da aka fi yin asara shi ne lokacin gyaran gini da lokacin sauyin shugabanni, domin masu fenti sukan sauke zane su jingine shi a bayan kabad, wanda ya gama wa'adinsa kuma yakan haɗa shi da kayansa yana zaton kyauta aka yi masa. Saboda haka a sa jerin ayyukan da ke kowane ofis, da lambobinsu, cikin takardar miƙa aiki, kuma sashen gyaran gine-gine ya sanar da mai kula da taskar mako biyu kafin ya turo ma'aikata kowane gini da aka rataye wani abu a cikinsa.