Yadda Ake Kula da Tsohon Karen Gadi a Legas

A gidaje da dama na Ikoyi, Lekki da Ikeja, maigadi ne yake ba kare abinci kuma yake wanke masa ɗaki, saboda haka shi ne yake fara ganin alamun tsufa tun kafin maigida ya lura. Manyan karnukan ƙetare irin su Alsatian da Rottweiler sukan soma rauni tun suna shekara 7 ko 8: tashi yakan yi musu wuya, ido ya yi hazo, a kira su ba su ji ba. Idan kare ya kai wannan matsayi, a sauke masa aikin gadi, a kwance masa sarƙa.

Wurin kwanciya ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Tayil yana da santsi, karen da gaɓoɓinsa ke ciwo kuwa ƙafafunsa na baya sukan zame idan ya yunƙura, don haka a shimfiɗa tabarmar roba ko tsohon kafet a hanyar da yake bi, a sa masa katifa a inuwa inda iska ke shiga, nesa da hayaƙin janareta. Da damina a ɗaga shimfiɗar daga ƙasa saboda danshi. Idan ya daina tashi da kansa, a riƙa juya shi bayan 'yan sa'o'i, a goge fitsari, a busar da jikinsa, domin a zafin Legas ƙudaje ba sa ɓata lokaci wajen zuba tsutsa a ƙaramin miki.

A ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, kamar shinkafa da dafaffiyar kaza marar ƙashi. Ragowar miyar gida ba ta dace ba, domin albasa tana lalata jinin kare. Ruwa ya kasance kusa da bakinsa kullum.

Kada a sayo masa maganin ciwon jiki na mutane daga kemis. Ibuprofen da diclofenac suna jawo masa gyambon ciki da ciwon ƙoda, ko da an ba shi da kyakkyawar niyya. A kai shi wurin likitan dabbobi, ko asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da ke Oko-Oba a Agege, musamman idan yana yawan shan ruwa da fitsari, ko yana tari da dare, ko an ɗaga leɓensa an ga dasashi ya yi fari, wanda sau da yawa ciwon kaska ne ke kawo shi.

Yana da kyau a rataye kalanda, a riƙa sa alama a ranar da ya ci abinci ya kaɗa wutsiya, da ranar da ya wuni yana nishi. Idan ranakun wahala suka rinjaya kuma magani ya daina tasiri, likita zai iya ba da shawarar allurar da za ta ɗauke ransa ba tare da azaba ba. Wannan hukunci na maigida ne, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba ta fuskar addini sai ya tambayi malami tukuna.

Idan ya mutu, kada a jefa shi a kwata ko bola. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, domin gawar karen da aka yi wa wannan allura guba ce ga duk dabbar da ta tono ta.