Ciwon kumburin hanji da raunin mazakuta: kurakuran da maza suka fi yi

Mai fama da cutar Crohn ko ulcerative colitis, wato cututtukan kumburin hanji, zai zauna gaban likita ya lissafa sau nawa yake zagawa a rana, ya faɗi ko akwai jini, sannan ya tashi bai ce uffan ba kan sha'awarsa da ta dushe ko gabansa da ya yi rauni. Wannan shirun ne kuskuren da ya fi damuna, domin likitan hanji ma ba kasafai yake tambaya ba. Kai za ka fara. Ka ce masa, “Tun da ciwon nan ya tashi harkar iyali ta gagare ni.” Wannan ya isa.

Wasu kuma sai su ɗora wa magani laifi, su daina sha. Nan ake yin ɓarna. Hanjin da ke kumbure shi ke kawo gudawa, ciwon ciki, ƙarancin jini da gajiyar da ba ta barin mutum ya yi marmarin komai. Idan ciwon ya lafa, sau da yawa sha'awa kan dawo. Gaskiya ne maganin kumburin hanji na sulfasalazine yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi, amma abin yana gyaruwa cikin wata 2 zuwa 3 bayan an sauya shi, galibi da mesalazine. Likita ne zai sauya, musamman in kuna neman haihuwa. Daɗewa a kan prednisolone ko magungunan kashe zafi irin su tramadol kuwa na iya rage sinadarin mazakuta na testosterone, kuma gwajin jini da safe zai nuna.

Ana raina damuwa, alhali tana cikin manyan dalilan matsalar. Tsoron kada ciki ya murɗa ana tsakiyar saduwa, ko kunyar ƙurji mai yoyo a dubura, ya isa ya kwantar da gaba. Ka sanar da matarka cewa cutar ba a ɗaukarta, kuma ba gudunta kake yi ba. Wanda aka manna wa jakar bahaya a kan ciki bayan tiyata ya zazzage ta kafin saduwa.

Kada ka sayi maganin ƙarfin maza da ka. Sildenafil yana taimakon maza da yawa, har waɗanda tiyatar dubura ta taɓa musu jijiyoyi, amma haɗa shi da magungunan zuciya masu nitrate na iya faɗar da hawan jini ƙasa warwas. Taba kuma a bar ta: tana tayar da Crohn, tana ƙuntata hanyoyin jinin da gaba ke dogaro da su.