Fargabar Jarabawa: Yadda Ake Shawo Kanta Daga Ɗan Firamare Zuwa Ɗalibin Jami'a

Gidan da ke da ɗan ajin ƙarshe na sakandare ba ya samun sukuni daga watan Afrilu. Ana gama JAMB sai WAEC ta kawo kai a Mayu da Yuni, NECO kuma na biye da ita. A Nijar ma haka ake fama da jarabawar BEPC da ta Bak, wato ta kammala sakandare. Yaro ya rage cin abinci, barci ya ƙi zuwa, abin da ya karanta jiya ya neme shi yau ya rasa.

Ba ragwanci ba ne, aikin jiki ne. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda sukan saki sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Kaɗan daga wannan yana da amfani, shi ke ta da ɗalibi daga tabarma ya ɗauki littafi. Illar tana zuwa ne idan abin ya zarce makonni babu sassauci.

Bahaushe bai cika cewa "ina cikin damuwa" ba, kunya da tarbiyyar haƙuri sun hana. Sai dai ka ji "kaina na ɗaukar zafi", ko "kamar wani abu na yawo a kaina", ko "idona na hazo in na buɗe littafi". Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya rubuta irin waɗannan koke-koke daga bakin ɗaliban kudancin Najeriya. Kuskuren da aka saba shi ne a zarce kemis a sayo maganin maleriya ko taifot, a sha, a sake saye. A je a yi gwajin jini tukuna. In bai nuna komai ba, kuma ciwon yana tashi ne lokacin karatu ya lafa ranar hutu, to an gano bakin zaren.

Matakin farko takarda ɗaya ce da biro. A ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya a jera abin da ke hannun ɗalibi: babin lissafin da bai gane ba, lokacin kwanciya, sanin inda cibiyar jarabawarsa take. Ɗaya gefen a jera abin da ba ya hannunsa: makin da jami'a za ta yanke, ɗaukewar wuta, surutun dangi. Masana halayyar ɗan'adam biyu, Lazarus da Folkman, sun fayyace wannan rabe-raben a 1984: wata damuwar ana tunkarar sanadinta, wata kuwa zuciya kawai ake lallashi. Ɓangaren farko aiki yake so, kowane abu a sa masa rana. Na biyu shi ne wurin addu'a, tawakkali da hira da wanda aka yarda da shi. Ɗalibai kan juya su: su kwana suna lissafin makin da za a yanke, babin da ya kamata su buɗe kuwa su ce Allah ya kawo sauƙi.

Sai salon karatun kansa, don yawancin fargaba daga nan take fitowa. Maimaita karanta shafi ɗaya sau biyar yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali idonsa ne kawai ya saba da rubutun. Tsangaya ta daɗe da gano maganin wannan. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ba tare da dubawa ba, gardi kuma ba ya barin tilawar baya don ya samu sabon karatu. Haka za a yi da boko: a karanta minti 25 zuwa 30, a rufe littafin, a rubuta abin da aka tuna a farar takarda, sannan a buɗe a ga inda aka yi tuntuɓe. A huta minti biyar a tsaye, ban da waya. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, don haka a koma kan darasin washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako.

Mai shirin JAMB ya san lissafinsa: tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. Ya riƙa gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, aƙalla sau biyu a mako. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya nemi shagon da zai zauna ko sau uku ne kafin ranar. Da yawa hannunsu ne ke rawa a kan na'urar, ba tambayar ce ta gagare su ba.

Barci shi ne abin da aka fi cuta. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi awa 8 zuwa 10, babba aƙalla 7. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta da rana, saboda haka mai tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi don ya kai asuba yana ɗiban ruwa ne da kwando. Goro, kofi da shayi mai kauri duk suna da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kuma rabin abin da aka sha yana nan a jini bayan kamar awa biyar. Wanda ya sha da isha'i zai kwanta ido biyu, gari ya waye a gajiye, ya ƙara sha. A tsayar da su daga la'asar. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana wartsakarwa, in ta kai awa biyu ta cinye barcin dare. Tiramol da kodin kuwa, waɗanda abokai ke miƙawa da sunan ƙarin ƙarfi, jaraba suke jawowa, tiramol mai yawa har farfaɗiya yake tayarwa. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

Ga abin yi idan gaba ya faɗi. A zauna, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannu ɗaya a kan cibiya. A ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu, cikin ne zai taso ba kafaɗa ba. A sake ta a hankali ta baki ana ƙirga shida. Sau goma, bai kai minti biyu ba. Sirrin yana wajen fitarwar, tsawonta ne ke rage gudun zuciya. Masu zuƙar iska da ƙarfi da sauri sukan ji jiri, yatsu su yi tsitsitsi, su ƙara firgita; sun fitar da iskar kabon da yawa ne, da sun sassauta zai wuce. A fara gwadawa mako biyu kafin jarabawa, bayan sallar asuba da kafin kwanciya, don abin da jiki bai saba da shi ba ba ya zuwa a zauren jarabawa. In kai ya ɗauke ɗif a can, a ajiye biro, a yi numfashin sau biyar, a tsallake zuwa tambaya mafi sauƙi.

Shekaru na canza kamannin abin. Ɗan firamare ba shi da kalmomin faɗa, sai ciwon ciki kullum da safe, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, ko ya manne wa uwa. Duka yana ƙara shi. A zaunar da shi a tambaye shi abu guda: "Babana, me ya fi ba ka tsoro a aji?" Sau da yawa bulalar wani malami ce ko cin zalin manyan yara. Almajiri ƙarami da ya kasa riƙe karatu, a fara duba cikinsa da kewar gida kafin a ce ba ya ja.

Matashi shi da fushi yake nunawa, da rufe ɗaki, da rungumar waya. Abin da ya fi ƙona shi gori ne: "Ɗan wane ya ci 300." Hirar gefe da gefe, a hanyar masallaci ko wajen tsintar shinkafa, ta fi titsiye buɗe bakinsa. A bar shi ya buga ƙwallonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 a rana ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Yarinya kuma a ɗauke mata talla da wanke-wanke na waɗannan makonni, kada a ce ta yi karatu alhali tukunya na jiranta. Matar aure da ke kwalejin ilimi da goyo a baya awa biyu tsayayyu take buƙata kullum, a yi magana da maigida ko 'yar'uwa tun farkon zango a keɓe mata su.

Akwai inda dabarun gida ke tsayawa. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kusan kullum, ko barci da cin abinci sun lalace har ana ramewa, ko ɗalibi ya daina zuwa makaranta gaba ɗaya, a ga likita. Wanda ya furta "gara in mutu in huta", ko da wasa ya faɗa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ma suna da sashen. Wanda ke nesa da su ya fara da babban asibitin da ke kusa, ya nemi takardar turawa.