Kurakuran masu ɗora injin babur a ƙaramin jirgin sama

Sa wa jirgi injin babur ba sabon abu ba ne. A 1923 kamfanin de Havilland na Ingila ya ƙera ƙaramin jirginsa DH.53 da injin babur na Douglas, a Amurka kuma Ed Heath ya yi amfani da injin Henderson a jirginsa Parasol. Yau ma ana gyara injinan BMW masu silinda biyu a kwance a tashi da su. Abin da ya ishe ni shi ne kowane sabon shiga sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa.

Babban ramin shi ne farfela. Injin babur ba ya ba da ƙarfinsa sai ya yi juyi dubu bakwai ko fiye a minti, farfela kuwa tana son wajen 2,500. Lissafin ba wuya: farfela mai tsawon mita 1.7, in ta yi juyi 6,000, bakinta zai yi gudun sama da mita 500 a daƙiƙa, alhali sauti kansa kusan 340 yake yi. Ƙara ce kawai za ta cika ma kunne, ba ja. Dole a sa abin rage juyi, na giya ko na bel. Injin Rotax 912, wanda don jirgi aka yi shi, da nasa giyar yake zuwa.

To, a nan ne mutane ke cewa ai shi ke nan, su je a yanko musu fulai biyu su ɗaura. Haba! Fistin ba a santsi yake tura ƙarfi ba, bugu-bugu yake yi, farfela kuma nauyi ce mai son juyawa daidai. A babur, taya da kaca da robobin cikin ƙafar baya ne ke shanye wannan bugun. Ka cire su, ka bar ƙarfe yana kokawa da ƙarfe. Akwai wani mizanin juyi, galibi a ƙasa-ƙasa wajen tayarwa da kashewa, inda girgizar ke ninkuwa har ta cinye haƙoran giya ko ta tsinka shaf. Na ga giyar da aka buɗe bayan ɗan gwaji a ƙasa, man cikinta yana ƙyalli da garin ƙarfe, mai ita kuma yana rantsuwa bai ji komai ba. Ba za ka ji ba. Ni dai ba na yarda da abin rage juyin da ba shi da roba mai shanye bugu ko kuloci, kuma farfelar katako nake fara sawa saboda rashin nauyinta. Kada kuma a ɗora farfela kai tsaye a kan karanshaf. Boris ɗinsa ba a yi shi don ja gaba ba.

Na biyu, zafi. Ƙarfin dokin da aka rubuta a takarda na ɗan lokaci ne. A hanya babur kaɗan yake ci daga ciki. Jirgi kuwa totur a ƙure yake tashi, sannan ya zauna a kan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na awanni, kuma lokacin hawa sama, da injin ya fi wahala, a lokacin ne iskar da ke sanyaya shi ta fi ƙaranci. Ƙara lagireto, sa na baƙin mai, sa agogon zafin kan silinda. Wanda ya ce tafin hannunsa ne ma'auninsa, kada ka shiga jirginsa.

Sauran ƙanana ne, amma suna kashe inji. Makunnin jak da na'urar da ke yanke wuta in babur ya faɗi, a cire su. Inji mai kwamfuta in batir ya mutu shi ma ya mutu, don haka batir biyu nake sawa. Kafireta tana yin ƙanƙara ko da rana ana zafi in akwai laima a iska, sai a haɗa mata hanyar iska mai ɗumi. A auna injin da giyarsa da ruwansa da salansa gaba ɗaya kafin a lissafa daidaiton nauyin jirgi.

A Amurka, jirgin da mutum ya haɗa da kansa mai irin wannan injin galibi yakan yi awa 40 na gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja. Ni tun a ƙasa nake ɗaure wutsiyar jirgin, in ƙure totur, in juye mai in duba ko da garin ƙarfe, sannan in sake.