Fim ɗin farfaganda ko dokimante: kurakuran da muke yawan yi

Shekaranjiya a fadarmu nan unguwar Zariya ana cikin shan shayi wani ƙanena ya miƙo min waya, bidiyon taron siyasa ne jama'a maƙil ana ta tafi, ya ce "yaya ka gani da idonka, wannan ai ba shiri ba ne". To kuskuren da ya fi yawa ke nan, a ɗauka tunda mutanen gaske ne ba 'yan wasa ba to fim ɗin gaskiya yake faɗi.

Dubi fim ɗin da wata mai shirya fim 'yar Jamus, Leni Riefenstahl, ta fitar a 1935, Triumph des Willens, kan taron jam'iyyar Nazi da aka yi a birnin Nuremberg na Jamus a 1934. Hitler ɗin na gaske ne, dubban mutanen nan ma na gaske ne, amma Hitler da kansa ya sa ta aikin, an zuba kamara wajen 30, ana aje wata ƙasa tana kallon shi sama don ya fito kamar wani dogon ƙarfe, har wasu jawabai sai daga baya aka sake ɗaukar su a sutudiyo. Gyaran wannan kuskure shi ne kafin ka ce "na gani" ka tambayi wa ya biya kuɗin, ina aka kafa kamara, mi aka yanke.

Wasu kuma da sun ji an ce farfaganda sai su ce a zubar, ƙarya ce tsagwaronta. Haba dai. Masu nazarin tarihi har gobe suna kallon wannan fim, don shaida ne kan yadda masu mulkin suke so a gan su. A wannan fuskar kam ana iya kallon shi a matsayin dokimante, wato fim mai nuna abin da ya faru da gaske, kar dai ka ɗauko shi ka ce haka Jamus take a lokacin.

Sai wanda ya fi ba ni dariya, wai abokan gaba ne kawai ke farfaganda. Sojan Amurka su suka sa mai shirya fim Frank Capra ya shirya Why We Fight, kashi 7, daga 1942 zuwa 1945 don a zaburar da sojoji, kashi na farko har lambar yabon finafinai ta Oscar ya ci a rukunin dokimante! Nan ƙetaren iyaka ma su Katsina da Kano, majigin da Turawan Ingila suka riƙa yawo da shi zamanin mulkin mallaka a mota gari-gari ana koyar da tsafta da noma, gefe guda ana tallar mulkinsu ne.

Na WhatsApp kuwa ko shekara ba a sawa, in babu rana babu wuri kar ka tura sai ka bincika. Wancan na ƙanena da muka maido shi baya har sau uku muka lura kamara ba ta taɓa juyawa bayan rumfa ba, ya karɓi wayarsa ya ce a zuba mishi na biyu.