Fitsarin da ke yin baƙi idan ya jima: yadda jiki ke sarrafa homojentisik asid da yadda ake gano matsalarsa

Duk wanda ya ci nama, ƙwai, wake ko gyaɗa, jikinsa yana samar da homojentisik asid, amma mai lafiya ba ya ganin alamarsa, domin da zarar hanta ta haɗa shi take rusa shi. Sai hanyar rusa shi ta toshe ake sanin yana nan. Ma'aikacin asibiti ko na ɗakin gwaji da ya san hanyar zai iya gane cutar alkaptonuriya, wato cutar gado da ke sa wannan asid ya taru a jiki, shekaru da dama kafin ta cinye gaɓoɓin mai ita.

Daga abinci zuwa makamashi

Furotin yana ɗauke da wasu sinadarai biyu, fenilalanin da tairosin. Jiki yana ɗibar abin da yake bukata don gina tsoka, yin launin fata da wasu homon, ragowar kuma dole a rusa ta, galibi a hanta, kaɗan a ƙoda. Da farko fenilalanin ya koma tairosin. Sai a cire wa tairosin ɓangarensa mai naitirojin. Daga nan wani enzayim, wato sinadarin da ke juya wani abu ya zama wani a jiki, wanda ake kira HPPD, ya mayar da abin da ya rage ya zama homojentisik asid.

Mataki na gaba shi ne ƙashin bayan zancen. Homojentisik asid yana da zobe na kabon shida a jikinsa, kuma enzayim guda ne ke iya fasa wannan zobe, wato HGD, wanda ba ya aiki sai da iskar oksijin da sinadarin ƙarfe. Idan zoben ya fashe, matakai biyu suka rage, a ƙarshe a samu fumaret da asetoasetet, waɗanda jiki ke ƙonawa ya samu ƙarfi. A jikin ɗan Adam aikin homojentisik asid ke nan: zango ne a kan hanya. A tsirrai kuwa daga gare shi ake gina bitamin E da filastokwinon, wanda ganye ke bukata wajen sarrafa hasken rana. Shi ya sa wasu magungunan kashe ciyawa suke aiki ta hanyar toshe HPPD.

Idan HGD bai yi aiki ba

Ƙwayar gadon HGD tana kan kuromosom na 3. Cutar ba ta bayyana sai yaro ya gaji lalatacciya daga uwa da kuma uba, kamar yadda sikila take. Iyaye biyu masu ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Likitan Ingila Archibald Garrod ya lura tun 1902 cewa ta fi yawa a 'ya'yan auren dangi, don haka a inda auren zumunci ya yawaita, tambayar dangantakar iyaye tana da amfani. A duniya ana ƙiyasin mutum 1 cikin 250,000 zuwa miliyan 1, amma a Sulobakiya ta kai kusan 1 cikin 19,000.

Ƙoda tana ƙoƙari, tana fitar da giram da dama na homojentisik asid a fitsari kullum, alhali na mai lafiya ɗan miligiram ne. Ɗan abin da ya rage a jini shi ke ɓarna. Yana haɗuwa da oksijin ya rikiɗe ya zama baƙin launi mai manne wa guringuntsi da jijiyoyi, ya mayar da su masu tauri da saurin karyewa. Wannan shi ne okronosis. A hankali yake taruwa, yawanci ba a jin komai sai an kusa shekara 30, sannan ciwon baya ya fara, gwiwa da kwatangwalo da kafaɗa su biyo. Daga baya ana iya samun tsakuwar ƙoda, tsinkewar agara, da ƙanƙancewar bawul ɗin babbar jijiyar zuciya.

Yadda za a bincika

A fara da tambaya. Uwa za ta iya cewa kunzugun jariri yana yin tabo baƙi ko ruwan ƙasa, kuma wanki da sabulu ƙara masa duhu yake yi. Wannan bayani ba ƙarami ba ne, domin sabulu yana da kaifi irin na kanwa, kuma shi ke hanzarta baƙin.

Sai a karɓi sabon fitsari a raba shi kwalba biyu. Yana fitowa da launinsa na kullum. A bar ɗaya a buɗe, a riƙa dubawa har kwana ɗaya: duhun daga sama yake farawa, inda iska ke taɓawa, ya gangaro ƙasa. A ɗaya kwalbar a ɗiga ruwan sodiyam haidiroksaid kaɗan a girgiza, nan take zai yi baƙi. A sa safar hannu, domin yana ƙona fata. Inda ake yawan kuskure shi ne fitsari mai tsami sosai, ko na wanda ke shan bitamin C, yana iya daɗewa bai canja ba, don haka rashin yin baƙi bai isa a sallami mutum ba.

Fitsarin da ya fito da duhunsa tun daga mafitsara wani zance ne daban. A nan sai a nemi zazzaɓin cizon sauro mai fasa jini, shawara, tsargiya ko wani magani da aka sha.

Akwai tarko biyu a ɗakin gwaji. Gwajin Benedict yana canja launi kamar akwai suga, har a ce wa mutum yana da ciwon suga, alhali tsinken gwajin gulukos bai nuna komai ba. Sannan gwajin kiriyatinin na enzayim, wanda ake duba aikin ƙoda da shi, yana iya nuna adadi ƙasa da na gaskiya. Tabbaci yana samuwa ne ta auna homojentisik asid a fitsarin awa 24 da aka tara a mazubi mai ɗan asid don kada ya lalace, a aika babban ɗakin gwaji. Gwajin ƙwayar gado yana taimakawa wajen duba 'yan'uwa.

A babba, a duba guringuntsin kunne ko ya yi shuɗi-shuɗi da tauri, da farin ido ko akwai ɗigo mai ruwan ƙasa. A baƙar fata launin kunne yana wuyar gani, gara a taɓa a ji taurin, a kuma dogara da ido. Hoton ƙashin baya yana nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwa sun sirance sun yi fari da alli. Kada a haɗa wannan da baƙin tabon fuska na masu daɗewa suna shafa man bilicin mai haidirokwinon. Shi ma okronosis ake ce masa, amma a fata kawai yake, fitsarinsu ba ya baƙi, gaɓoɓinsu lafiya.

Magani

Maganin da ake da shi shi ne nitisinon, wanda asalinsa daga binciken maganin ciyawa ya fito. Yana toshe HPPD, wato mataki ɗaya kafin inda matsalar take, sai homojentisik asid ya ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da miligiram 10 a rana ga manya a 2020. Yana rage saurin cutar, amma ba ya gyara guringuntsin da ya riga ya lalace.

Illarsa a bayyane take ga wanda ya fahimci hanyar: an datse ta daga sama, dole tairosin ya taru a jini, kuma yana iya taɓa baƙin ido. Saboda haka a duba ido kafin a fara, a riƙa auna tairosin, a daidaita cin furotin tare da masanin abinci. Idan ido ya yi ja, yana zafi ko yana gudun haske, a koma asibiti a ranar. Bitamin C da rage nama su kaɗai ba a tabbatar suna hana ciwon gaɓoɓi ba, kuma hana yaro mai tasowa furotin cutarwa ce. A guji ɗaukar kaya masu nauyi da wasannin karo, a riƙa motsa jiki marar jijjiga irin su iyo, a sha ruwa sosai saboda tsakuwa, kuma daga shekara 40 a riƙa yin hoton zuciya lokaci-lokaci.