Yadda Ake Haɗa Kwamfutarka da GitHub ta Makullin SSH

Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki da git, manhajar da ake tura aikin da ita, amma har yau a Abuja za ka tarar da sabon shiga a ƙungiyar masu rubuta manhaja yana ta buga kalmar sirrinsa ana ƙin karɓa. Ka haɗa makullin SSH, wato makullin da GitHub zai gane kwamfutarka da shi ba sai da kalmar sirri ba, sau ɗaya ka huta.

Buɗe taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

ssh-keygen -t ed25519 -C "imel ɗinka"

Rabu da tsofaffin darussan da ke cewa a yi makulli irin rsa, ed25519 nake sa kowa ya yi. In ya tambayi inda zai ajiye, danna Enter. Kalmar kariya ta makullin (passphrase) kuwa, in ya nema ka sa, balle in kwamfutar ofis ce.

Fayil biyu za su fito a cikin foldar ~/.ssh: id_ed25519 da id_ed25519.pub. Nan ne ake yin ɓarna. Mai .pub ɗin kwado ne, a ƙofar kowa za ka iya rataya shi. Ɗayan shi ne makullin, ba ya barin kwamfutarka ko da wa ya nema. Na sha ganin an jefa shi a rukunin WhatsApp wai don shugaban aiki ya saka. Duk wanda ya ɗauka zai tura aiki da sunanka a kowane rumbun aiki (repository) da kake da izinin shiga, kuma kai za a tuhuma. Kafin ka kwafa ka duba da kyau: na rabawa layi ɗaya ne mai farawa da ssh-ed25519. In ka ga BEGIN OPENSSH PRIVATE KEY, rufe shi. Wanda nasa ya riga ya fita ya goge shi a GitHub ya haɗa sabo, ko sisi ba ya ci. Kuma kowa da nasa, ba a karo-karon makulli ɗaya.

Sauran mai sauƙi ne. A shafin GitHub, shiga Settings, SSH and GPG keys, New SSH key, ka manna layin da ke cikin fayil mai .pub. Gwada da ssh -T git@github.com, ka amsa yes a karon farko, zai gaishe ka da sunanka.

In git bai daina neman kalmar sirri ba, rumbun naka yana kan https ne. Mayar da shi kan SSH da wannan, ka sa sunanka na GitHub da sunan rumbunka a gurbin suna da rumbu:

git remote set-url origin git@github.com:suna/rumbu.git

Wasu wayifai na ofis suna toshe ƙofa (port) ta 22, wadda SSH ke bi. Sai ka bi ta ssh.github.com a ƙofa ta 443, ko ka kunna datar wayarka.